Gadon taɓin hankali: ina hujjar take?

A ƙasar Hausa, in ana binciken asali kafin aure, magana guda kan rushe komi: "Gidan nan akwai taɓin hankali." Yanzu har wasu ƴan boko kan ƙara mata gishiri, wai Turawa sun gano ciwon cikin jini. To, mai karatu, ga abin da aka gano.

Cikin ƙwaƙwalwa akwai sinadarin serotonin, mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi ta wasu ƙofofi nasa. Ɗaya daga cikinsu, 5-HT2A, ita ce ƙwayar maye ta LSD ke taɓawa har mutum ya ga abin da babu shi, ita ce kuma magunguna irin su clozapine da risperidone ke toshewa. Saboda haka zargi ya faɗa bisa ƙwayar gadon da ke ƙera ta, HTR2A. A shekarar 1996 masana na Turai suka buga cikin mujallar Lancet cewa wani ɗan bambanci a cikinta, T102C, ya fi yawa ga masu sikizofireniya, ciwon nan mai sa mutum jin muryoyi da zargin kowa. Amma ƙarin haɗarin kaɗan ne, kuma da dama cikin waɗanda suka sake gwajin ba su same shi ba.

Da aka auna majinyata kusan 37,000 a 2014, sai aka tarar da wurare 108 cikin gadon ɗan Adam masu hannu a ciwon. A 2022 suka kai 287. Kowanensu ƙwayar hatsi ce cikin tiya, HTR2A kuwa ba ta tsaya da ƙafarta ba. Akasarin waɗanda aka auna ma Turawa ne da mutanen gabashin Asiya. Babban bincike irin wannan a Afirka sai a 2020 ya fito, bisa ƴan ƙabilar Xhosa na Afirka ta Kudu.

Gado na da nasa rabo, ba mu musa ba. Sai dai ko tagwaye masu kama ɗaya, in guda ya kamu, kusan rabin lokaci ko fiye ɗan'uwansa lafiya lau yake. Mafi yawan majinyata kuma iyayensu ba su da ciwon.

Tsoron wannan tambari ne ke sa dangi su ɓoye marar lafiya cikin ɗaka, wani lokaci da mari a ƙafa, don kar a fasa auren ƙannensa. Ana haka shekaru na wucewa bai ga likita ba, alhali haloperidol, magani mai araha, tun 1958 aka haɗa shi.