Zaɓen dattawan coci a Takur: Addu'a ba ta hana lissafi

Duk wanda ya taɓa zama a taron ikilisiya ya san yadda musu yake mutuwa. Ana cikin ja-in-ja kan ko a sake rufin majami'a ko a fara biyan kuɗin makarantar marayu, sai wani babba ya gyara murya ya ce ya yi addu'a, Allah ya nuna masa. Shi ke nan, kowa sai ya kama bakinsa. Wa zai yi jayayya da Allah?

A babban birni wannan ba ya cika rusa coci, domin wanda ransa ya ɓaci yana da wurin komawa. A Takur da sauran unguwannin Dutse lamarin daban ne. Garin ya zama hedikwatar jiha ne a 1991, lokacin da aka cire Jigawa daga Kano, kuma yawancin Kiristocinsa aiki ko kasuwanci ne ya kawo su: ma'aikatan gwamnati, 'yan sanda, masu shaguna, sai malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ibo da Yarabawa da mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Hausawa Kiristoci suna zama a benci ɗaya, baikonsu yana shiga asusu ɗaya. Jama'a ce 'yar kaɗan. Idan gida biyar suka yi fushi suka daina zuwa, ma'aji zai gani a ranar Lahadi.

Babu mai cewa a rage addu'a. Luka ya rubuta cewa Yesu ya kwana yana addu'a a kan dutse kafin ya zaɓi manzanni 12, ikilisiyar Antakiya kuma sai da ta yi azumi kafin ta sallami Barnaba da Shawulu. Matsalar ita ce addu'ar da ake yi bayan an riga an gama magana a falon wani, wadda aikinta kawai ta buga hatimi.

Sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni ta fi kowane wuri kama da Dutse. A Urushalima masu bi da ke jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Ƙorafin yare ne, irin wanda masu sujadar Hausa kan yi game da masu sujadar Turanci, ko akasin haka. Manzanni ba su ce wa masu ƙorafi su je su tuba ba. Sun tara jama'a, suka faɗi irin halin da ake nema, suka bar wa taron zaɓen mutum bakwai, sannan suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Abin lura, dukkan bakwai ɗin, har da Istifanas da Filibus, sunayen Helenanci ne da su. Masana da yawa na ganin an miƙa cokalin rabon ne ga ɓangaren da ya yi kuka.

Coci nawa ne za su iya haka? Sau da yawa wanda ya fi kawo buhunan siminti shi ne sunansa yake fara fitowa, ko wanda 'yan garinsu suka fi yawa. Zumuntar Mata, wadda ita ce ke ziyarar asibiti da gidan makoki, kuma ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, sai ta ji hukunci a sanarwa kamar baƙuwa.

Akwai masu cewa yawan tambaya rashin bangaskiya ne, kuma fasto ba shugaban ƙaramar hukuma ba ne da za a riƙa titsiye shi. Suna da gaskiya a wani gefen: taron da ya koma kamfe, da bin gida-gida ana neman ƙuri'a, shi ma ya ɓata. Amma dattijon da ya tabbata Allah ne ya bishe shi ba ya tsoron a karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, ba ya kuma tsoron a ɗaga hukunci mako guda domin kowa ya je ya yi tasa addu'ar.

A Dutse kuwa dattijon coci ba baiko kaɗai yake ƙirgawa ba. Waɗanda suka ga Satumbar 2006, lokacin da aka ƙona majami'u a garin, sun san cewa ranar da hankali ya tashi, wanda aka zaɓa shi ne zai tsaya gaban matasa ya ce su zauna, shi ne zai je wurin mai unguwa da limami da 'yan sanda. Idan maƙwabtansa Musulmi ba su san shi da gaskiya ba, ko matasan cocin suna ganin kuɗinsa ne ya ba shi kujerar, ranar babu mai sauraronsa.