RA'AYINMU: Rauni ma shaida ne, kada mu bari ya ɓace

Ƴan'uwa makiyaya da fataken bisashe, ga kaka ta ƙarato, lokacin da garke ke gangarowa kudu alhali wasu gonaki ba a gama kwashe su ba. A nan ne faɗa ke tashi bisa burtali ko bakin mashaya. In an je gaban shara'a, manomi ya kawo mutum goma na garinsu, makiyayi kuwa daga shi sai sandarsa, don a daji abin ya faru. Amma akwai wani shaida da ke tare da shi, wanda ba ya tsoron kowa, ba a kuma sayen bakinsa. Shi ne raunin da ke jikinsa.

Likitan da ya san aikinsa yana karanta rauni kamar yadda muke karanta sawun saniya. Abu mai kaifi, wato wuƙa ko takobi, yana barin bakin rauni sumul, a yanke tsaf. Sanda ko kulki in ya sauka a kai yakan fasa fata har a zaci sara ne, amma bakin raunin a dagargaje yake, gefensa a kumbure, cikinsa da ƴan zare-zaren nama da ba su tsinke ba. In a baya ko cinya sandar ta sauka, takan bar layi biyu a jere, tsakiyarsu fayau. Wanda ya ɗaga hannu don kare kansa, a bayan hannu ake samun sara ko karaya, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Wanda ya cafke wuƙa, tafinsa da yatsunsa ke yankewa. Wannan na taimaka ma alƙali ya gane wa ya kai hari, wa ya tare.

Sau da yawa akan ce ai faɗuwa ya yi, ko kuwa sansa ne ya soke shi. Faɗuwa tana taɓa wuraren da suka fito, gwiwa da tafin hannu da goshi, da ƙujewa da yashi a ciki. Sukar ƙaho kuwa galibi a cinya ko mara ko ciki take, bakinta yagagge, tana tafiya sama, tana ɓarna mai zurfi a ciki. Harsashi ma haka: inda ya shiga yawanci ƙarami ne a zagaye, inda ya fita ya fi faɗi. In daga kusa aka yi harbin, baƙin hayaƙin albarushi na zama a fata ko a riga. Don haka kada a wanke rigar, kada a yar da ita.

Bisashe ma jikinsu na magana. Kura na barin ramukan haƙori, ta yaga nama, ta murƙushe ƙashi. Adda kuwa yanke agara take yi a miƙe. Raunin da aka yi dabba na da rai yana tara jini a cikin nama, wanda aka yi bayan ta mutu ba ya yin haka. Kafin a feɗe saniyar da aka sara, a kira malamin dabbobi ya gani ya rubuta.

Sai dai wannan shaida ba ya daɗewa. Rauni na warkewa, kumburi na saɓewa, kuma a baƙar fata taruwar jini ba ta fitowa sosai, sai likita ya taɓa ya duba da kyau. Mu da kanmu ne muke ɓata shi, mu cusa toka ko kashin shanu a ciki, mu kai karaya wajen mai ɗori ba a ɗauki hoton ƙashi ba, sai bayan sati uku mu tafi ƙara da tabo kawai. Kashin shanu a rauni kuma yana kawo cutar tetanus mai sandarar da jiki, wadda ke kisa.

Ga abin da ƙungiya ke kira a yi. Rai ne farko: a danne wurin da tsumma mai tsabta jini ya tsaya, a nufi gidan likita mafi kusa a ranar. A sanar da jandarma. A roƙi takardar likita mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi wurin rauni da tsawonsa da zurfinsa da kwanakin da mutum zai yi bai iya aiki ba. Mai wayar salula ya ɗauki hoto kafin a ɗinke, ya aza kwabo ko ashana kusa don a gane girman. In rai ya fita, mun san addini na son a gaggauta jana'iza, amma a yi haƙuri hukuma da likita su ga gawa tukuna.

A sani kuma, rauni yana nuna irin makami, ba ya faɗin sunan wanda ya riƙe shi, kuma launin kumburi ba ya tabbatar da ranar duka. Ba ya kuma nuna son kai. In ɗanmu ne ya sari manomi, jikin manomin zai faɗa, kuma ƙungiya ba za ta rufa ma mai laifi asiri ba. Wanda ya ƙara gishiri a maganarsa, takardar likita ce za ta kunyata shi, don ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dokar kiwo ta Nijar ta shekarar 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙinmu ne, amma haƙƙi ba ya tsayuwa gaban alƙali sai da hujja. Ba mu manta da Toda ta jihar Maraɗi ba, inda a watan Oktoba na 1991 aka hallaka mutum fiye da 100. Inda gaskiya ta kasa fitowa, ramuwa ke shiga, ita kuwa ba ta zaɓen mai laifi. Gani ya kori ji: mu kai ma shara'a abin da za ta gani da idonta.

Allah ya ba mu kaka lafiya, ya zaunar da mu da maƙwabtanmu lafiya, amin.