Lomar da muka tura wa Alhaji

Yau laifina zan faɗa, don da bakina aka yi ɓarnar.

Daren wata Alhamis ne, mun taso daga kasuwar Rood Woko, muka zauna ƙofar gida da gasasshiyar zabuwa. Kun dai san Wagadugu da gashi. Maƙwabcina Alhaji, mai sayar da takalma, yana ci yana ba da labari, sai ya dafe wuya. Ƙashi ya tsaya masa. Ni na fara cewa, "Alhaji, yanko loma babba ka haɗiye, ta tafi da shi." Aka kawo tuwo, aka kawo burodi, wani ya cusa masa yatsa. Ya ce ya wuce. Muka yi dariya muka watse.

Ashe bai wuce ba. Kashegari bai fito masallaci ba. Na same shi da zazzaɓi, ƙirji na suka har baya, ko yawu ba ya haɗuwa. Na taɓa wuyansa, ya kumbura, yana ƙara ƙarƙashin fata kamar ana murza leda. Matarsa ta ce masassarar sauro ce, a sayo magani a farmasi. Allah ya sa ɗansa ya ƙi, ya ɗora shi a mota.

Abin da likita ya bayyana mana ke nan. Maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, sirara ce, kuma tana ratsa ƙirji kusa da zuciya da huhu. Lomar da muka tura ita ta danna tsinin ƙashin ya huda ta. In ta huje, yawu da abinci da iska sai su malala cikin ƙirji, wurin ya ruɓe. Ƙarar ledar nan iska ce da ta ɓalle. An ɗauki hoton ƙirji, aka ba shi wani ruwa da ke fitowa a hoto don a ga inda ke yoyo, aka sa shi a sikana, sannan aka zura bututu mai kyamara aka ciro ƙashin. Ramin da aka gano cikin awa 24, in ji shi, ya fi sauƙin ɗinki ko toshewa. Bayan nan nama ya kumbura, ɗinki ba ya kamawa, mutuwa ta matso. Alhaji ya isa da sauran lokaci, da ƙyar.

Ba ƙashi kaɗai ke yin wannan ba. Amai mai ƙarfi bayan an cika ciki yana yaga maƙoshi. Wani likitan Holan, Boerhaave, ya rubuta hakan tun 1724. Amma abin da ya fi ba ni tsoro a gidajenmu shi ne sodar haɗa sabulu da ake zubawa a robar ruwan sha, da ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli. Yaro ya haɗiye batirin, cikin awa 2 ya soma ƙone nama. In soda ce, kar a sa shi amai, don za ta sake ƙona hanyar da ta bi. A yi asibiti kai tsaye, babba zuwa Yalgado, yaro zuwa Charles de Gaulle, kuma kar a ba shi abinci a hanya.

Alhaji ya yi kwanaki ba ci ba sha, sai ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, daga baya bututun abinci ta hanci. Kuɗin sarin da zai je Lome duk nan suka tafi, muka yi masa karo-karo a masallaci. Ran da na je neman gafara, ya ɗaga hannu ya ce, "Bari, Malam, ni ma haka zan ce maka." Ya koma rumfa yanzu, ya rame, kunu ya fi sha.