Sa Hannu Kafin Neman Izini: Sauƙi Ne Ko Ganganci?

Lalitar kuɗin kirifto, watau manhajar da ke riƙe mabuɗin sirrin mai kuɗi, ƙofa biyu gare ta. Da fari shafin ciniki yakan nemi izinin haɗuwa da ita, sa'an nan ya kawo takardar biya domin a sa hannu. Akwai masu ganin ƙofar farko ɓata lokaci ce, tun da dai ko sisi ba ya fita sai mai shi ya amince a ta biyu.

Ba banza aka kafa wannan ƙofa ba. Kafin zuwan ƙa'idar EIP-1102 a 2018, duk shafin da mutum ya buɗe yana iya ganin lambar asusunsa a MetaMask, ya kuma san abin da ya mallaka. In aka tuge ta, kowane baƙon shafi zai iya cusa wa mutum takardar biya, kuma mai gaggawa ba ya karatu.

Amma fa kada a ɗauka izinin farko shi ne maganin ɓarayi. A ran 21 ga Fabrairu, 2025, an sace wa kamfanin Bybit kuɗin da ya kai kimanin dala miliyan 1,500. Ma'aikatansa ne da kansu suka sa hannu ta manhajar Safe da suka daɗe da amincewa da ita, alhali ɓarayi sun riga sun sauya abin da ke ƙunshe a takardar. Hukumar FBI ta Amurka ta ɗora laifin a kan Koriya ta Arewa. Ashe babban haɗarin shi ne mutum ya sa hannu a kan abin da bai gani ba, ga shi kuwa kuɗin kirifto in ya fita babu bankin da zai komo da shi.

Saboda haka a bar ƙofar farko yadda take, a ƙarfafa ta biyu. Lalle ne kowace lalita ta bayyana wa mai ita, cikin harshen da yake ji, nawa za a cira da kuma wanda zai karɓa. Tun da dokar zuba jari ta 2025 ta danƙa wa hukumar SEC kula da wannan harka a Nijeriya, ya kamata ta sa wannan cikin sharuɗɗan ba da lasisi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.