Mariƙin batir: don hannu aka yi shi, ba don caji kaɗai ba

Mai ɗaukar hoton biki yakan fara aiki tun ɗaurin aure da hantsi, ba ya sauke kyamara sai an tashi daga dina cikin dare. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, abin da ya fi tsoro shi ne batir ya mutu daidai lokacin da aka fito da amarya. Wannan tsoro ne ke kai da yawa ga sayen mariƙin batir, wato akwatin da ake ɗaurawa a gindin kyamara, wanda ke ɗaukar batir har biyu. Sai dai wanda ya saye shi don caji kaɗai ya kashe kuɗi a inda bai kamata ba.

Ƙorafin caji gaskiya ne. Bisa ma'aunin CIPA, Nikon D850 ta 2017 tana ɗaukar hoto 1,840 da caji ɗaya, alhali Canon EOS R6 marar madubi tana tsayawa ne a wajen 380 idan ana leƙawa ta tagar ido, domin tagar tata ɗan allo ne mai shan wuta. Mariƙin BG-R10 yana ɗaukar batir LP-E6NH biyu, ya kusa ninka wannan adadi. To amma batir na biyu a aljihu ma yana ninka shi, da kuɗi kaɗan, ba tare da ƙarin nauyi a wuya ba. Sauya shi aikin daƙiƙoƙi ne.

Ainihin amfanin mariƙin yana hannu. Hoton mutum, musamman na amarya cikin lafaya ko ango cikin babbar riga, a tsaye ake ɗaukarsa. Idan babu mariƙi, dole a karkatar da kyamara, a ɗaga gwiwar hannu sama, a lanƙwasa wuyan hannu. Bayan awa shida a haka hannu ya fara rawa, hotuna su fito da dishi-dishi ko a karkace. Mariƙin yana da nasa maɓallin ɗauka da na daidaita haske da na saita gani a gefe, don haka gwiwar hannu tana manne da haƙarƙari ko ta wace fuska aka riƙe kyamarar. Haka kuma yana daidaita nauyi idan aka ɗaura dogon gilashi, irin wanda ake bukata wajen ɗaukar mahaya daga nesa a Hawan Daushe.

Nikon ta taɓa gwada akasin haka. Mariƙin MB-N10 da ta yi wa Z6 da Z7 batir kawai yake ɗauka, ba shi da maɓallin ɗauka, kuma masu sana'a sun yi ta kuka da shi. Da Z6 II ta fito a 2020, sai aka yi mata MB-N11 mai maɓallai. Manyan kyamarorin 'yan jarida, irin su Canon EOS-1D X da Nikon Z9, da mariƙin a jikinsu ake ƙera su. A wasu kyamarorin ma yana ƙara sauri: D850 tana tashi daga hoto 7 zuwa 9 a daƙiƙa idan aka haɗa MB-D18 da babban batir EN-EL18b.

Ɗaura shi ba wuya, amma yana son natsuwa. Da farko a kashe kyamara. A Canon ana cire batir, a zare murfin ɗakinsa daga maƙalinsa, a adana shi a gurbin da aka tanada a jikin mariƙin, sannan a zura wuyan mariƙin cikin ɗakin batir. A D850 kuwa robar da ta rufe mahaɗar wuta ta ƙasa ake cirewa, batirin ciki ya zauna a wurinsa. Daga nan a murɗa ƙafar sukurun cikin ramin da ake ɗaura kyamara a kan mai ƙafa uku, har ya kama sosai. Idan ya yi sako-sako, kyamara za ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, ƙurar hunturu kuma ta sami hanyar shiga. Akwai makunni a gefe da ke kashe maɓallan mariƙin. A riƙa kashe shi idan kyamara na rataye, don kada ƙugu ya danna.

Na jabu sun cika kasuwa, kuma araha ba ta ado. Wasunsu suna zuƙe caji ko kyamara na kashe, wasu ba su da robar da ke tare ƙura da danshi. Wanda ba zai iya sayen na asali ba, gara ya sayi batir biyu masu kyau.

Kafin fitar da kuɗi, mai sana'a ya buɗe hotunan aikinsa na ƙarshe ya ƙirga. Idan na tsaye sun fi rabi, ko kuma da dogon gilashi yake wuni, mariƙin zai biya kuɗinsa. Idan akasarinsu a kwance suke, ko bidiyo ne aikinsa, batir na aljihu ya wadatar.