A JI TA BAKIN MAHARBA KAFIN A YI MUSU DOKA

Tun 1963 da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Dokar Namun Daji a Kaduna, har zuwa Doka ta 11 ta 1985 wadda sojoji suka zartar a Ikko domin kare dabbobin da ke neman ƙarewa, abu ɗaya ake ta maimaitawa: manya su rufe ƙofa su rubuta, talaka ya ji a bakin ɗan sanda. A 2024 Majalisar Wakilai ta zauna jin ra'ayin jama'a a kan sabuwar dokar namun daji. Madalla. Amma a ina aka zauna? A Abuja, da Turanci. Yaya maharbin Wase ko na Pankshin zai sami kuɗin mota, balle bakin magana a can?

Babu mai musun cewa daji yana cikin hatsari. Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa Gandun Namun Daji na Jos a 1972, aka kuma keɓe dajin Pandam domin 'yan baya su san dabba da idonsu. A watan Disamba na 2015 zaki ya kuɓuce daga gandun na Jos, ƙarshenta harsashi ya kashe shi. Ga masu cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya. Gyara kam ya zama wajibi.

To, amma masu cewa maharbi jahili ne, ba shi da abin faɗi, su ne suka jahilci daji. Shi ya san lokacin da barewa take da ciki, ya san mashayar dabbobi da rani, ya san baƙon da ke shigowa da dare. Berom da Irigwe suna da ƙa'idojin farautar gayya tun kafin zuwan Nasara. Ai sai da ɗan gari akan ci gari.

Kuma maganar ta wuce ta dabba kaɗai. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Alhakin jinin yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Duk da haka, hukumar da ta bar sana'a sukutum ba tare da takardar shaida da kowace jiha za ta girmama ba, ita ma da tambayar da za ta amsa.

Saboda haka wajibi ne Majalisar Dokokin Jihar Filato ta fita daga Jos ta zauna a Shendam, Langtang, Wase da Pankshin. A yi magana da Hausa, Berom, Ngas da Tarok. A ba Sarkin Baka kujera kusa da jami'in gandun daji, su tsai da watannin farauta, da dabbobin da aka haramta, da kuɗin lasin da talaka zai iya biya. Dokar da mutane suka sa hannu a ciki, su da kansu za su tsare ta.