Kafin Mu Je Masar, Mu Fara Zuwa Sifawa

Duk lokacin da hutun shekara ya ƙarato, za ka ji ma'aikata a ofisoshinmu suna hirar ƙasashen da suke burin zuwa yawon buɗe ido. Wannan ya ce a kai shi Masar ya ga dalolin Fir'auna, wancan ya ce Landan, wani kuma ba shi da magana sai ta Dubai. Ba mu ga laifin kowa ba, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da ya dame mu shi ne, da yawa daga cikin masu wannan buri sun sha ratsa Boɗinga da Shagari a mota, amma ba su taɓa tsayawa sun tambayi abin da ya faru a ƙasar da suke takawa ba.

A ƙasar Boɗinga ne garin Sifawa yake, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan yaƙe-yaƙen jihadi sun lafa, yana karantarwa yana wallafa littattafai, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Yana Sifawa ne, a 1812, ya raba ɗawainiyar mulkin daular gida biyu: yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Shi kuwa Malam Abdullahi a Boɗinga ya kafa mazauninsa a wannan zamani, kafin ya tare a Gwandu. Ashe ke nan tsarin da sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Nufe suka bi shekara da shekaru, a nan aka yanke shi.

In ka ƙara gaba kan hanyar Tambuwal, sai ka iso Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, malamin makarantar da ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983. A nan aka haife shi a 1925, a nan kuma aka binne shi da ya rasu a watan Disamba na 2018. Ga kuma madatsar ruwan garin, wadda ta isa wurin shan iska ga mai iyali.

To, me ya sa na waje ke jan jama'a, namu kuwa ba a ko zancensu? Amsar ita ce kulawa. Fadar Alhambara ta ƙasar Andalus ta fita hannun Musulmi tun 1492, amma mutanen Sifen sun adana ta, suna karɓar baƙi fiye da miliyan biyu a shekara. Gidan Joji Washinton, shugaban Amurka na farko, ya kama hanyar lalacewa, sai wata ƙungiyar mata ta tara kuɗi ta saye shi a 1858, ta gyara. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun tsaya wa tsohon birnin Agadas har Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, alhali shi ma ginin ƙasa ne irin namu.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta yawon buɗe ido? Maganarsa abin dubawa ce. Sai dai abin da muke nema bai kai kuɗin gina ofis guda ba, kuma jinkirinsa hasara ce da ba ta da magani. Ginin ƙasa ba ya jiran kasafin kuɗi, kowace damina sai ta ci rabonta. Dattawan da suka gaji labarin inda Shehu ya yi salla da inda ya zauna ya ba da karatu su ma kullum raguwa suke yi, kuma kowane ya tafi, da abin da ya sani yake tafiya.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su haɗa kai da sarakuna da malaman tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A ɗauki maganar dattawa a rubuta. A kafa alluna masu bayani da Hausa da ajami da Turanci. A horar da samarin garuruwan su zama masu yi wa baƙi jagora, su sami abin sawa a bakin salati, mai shayi da mai tuwo su ma su sami ciniki. Shugabannin makarantu kuwa su riƙa kai ɗalibai, domin gani ya kori ji.

Kai kuma ma'aikaci, idan hutunka ya zo, ware yini guda ka ɗauki 'ya'yanka. Ku fara da Hubbaren Shehu da safe, ku yi azahar a Sifawa, la'asar ta same ku a Shagari. Ran da Allah ya kai ka Masar aka tambaye ka abin da ke ƙasarku, ka sami abin faɗi. Allah ya sa mu gane.